Ranar da Ta Ce Masa Malam

Tun suna rarrafe a tsakar gidan kakarsu Inna Ajuma, Safiyanu bai taɓa kiran Nasiba da sunanta ba. Baiwa yake ce mata. In ya so karrama ta, ya ce Baiwar Gidanmu. Ita kuma ta ce masa Kan Tulu, domin kuwa Allah ya hore masa kai, ba laifi. Mahaifinsa Kabo da mahaifiyarta Indo ciki ɗaya suka fito, wato ɗan namiji da ƴar mace, taubasai ke nan. Duk wanda ya tashi a Gaya kuwa ya san abin da ke tsakanin taubasai: zagi ne gaisuwarsu, ƙage ne hirarsu, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, fushi kaɗai ne ba a yarda da shi ba.

Kada wani ya ɗauka abin wasan yara ne. Shekarar da Indo ta rasu, Nasiba ta kwana biyu ba ta sa komai a baki ba. An yi lallashi, an yi nasiha, ta ƙi. Ranar uku Safiyanu ya shigo ya tsaya a kanta, ya ce, "Ke ko kuka ba ki iya ba. Tun daga tasha nika jin kuka, na aza akuyar Inna ce ta maƙale a danga." Ta yi dariya da hawaye a fuska, ta jefe shi da takalmi, sannan ta ja kwanon fura ta sha. Tun daga ranar ta san cewa a duniya akwai mutum ɗaya da zai iya fito da ita daga kowane rami, kuma da zagi yake yi.

Yanzu Nasiba malama ce a wata lakwal ta firamare, yara da iyayensu na ce mata Madam. Tana da shafi a intanet da ta sa wa suna Bakin Gulbi, inda take rubuta abin da ta gani: masu bandar kifi, matan da ke tallar rake, yadda ruwan Isa, babban kogin da ya raba Gaya da ƙasar Benin, ke cika ya janye. Masu karantawa ba su da yawa, amma suna nan. Shi kuwa Safiyanu direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, tsakanin Kwatano da Gaya, kuma rufe gadar kan iyaka ya rutsa da shi a haye, a Malanbil ta ƙasar Benin, da mota cike da kaya. Mai motar ya ce kada ya kuskura ya yi nisa da ita. Watanni ke nan yana kwana ƙarƙashin kamyo, garinsu na can yana hango shi, ruwa ne kawai a tsakani. Duk rubutun da Nasiba ta saka, shi ne na farkon yin sharhi, kuma bai taɓa faɗin alheri ba. Ita ma ba ta cika jin ta gama rubutu ba sai ta ga zaginsa a ƙasa.

Wata Asabar ta je garin Tunuga ta wuni wurin matan da ke gumin shinkafa. Ta ga yadda suke jiƙa ta, su turara, su shanya a kan tabarmi, ta ci da miyar kifi har ta kasa tashi. Da ta dawo ta rubuta labarin da daɗi, ta saka hotuna, ta rufe da jimla guda: "Da alama sai da aka rufe gada muka tuna muna da shinkafa."

Jimlar gaskiya ce. Amma a garin da rabin tukwanensa gadar ce ke tafasa su, ba kowace gaskiya ake faɗa da murmushi ba.

Ranar Litinin, a hutun ƙarfe goma, ta tsaya ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan aji, inda salularta ta fi kama rezo, wato sabis. Ta buɗe shafin. Sharhi ɗari da arba'in. Na farko, kamar kullum, na Safiyanu Kabo ne:

"Jama'a ku zo ku gani, baiwar gidanmu ta ƙoshi da ƙanzo ta hau wa'azi. Wadda ko ruwan zahi ta ɗora sai ya ƙone, ita za ta koya muna shinkafa. Riƙe shinkafarki mai tsakuwa, mu muna son haƙoranmu."

Ta yi dariya har wata yarinya ta waiwayo. Sai ta gangara ƙasa, dariyar ta tsaya.

Ita a shafin Nasiba Ado take, shi Safiyanu Kabo, babu abin da ke nuna jini ɗaya ne. Waɗanda suka biyo bayansa direbobi ne da ƴan dako da ƴan kasuwa da zaman banza ya ishe su, sun ga wani ya buɗe ƙofa, suka shigo da gudu. Wani ya ce, "Gaya mata gaskiya ɗan'uwa." Wani ya ce, "Kina murna ɗiyanmu na kwana da yunwa, Allah ya isa." Wata ta ce, "Ashe ma baiwa ce, shi ya sa ba kunya." Akwai waɗanda ba za a iya maimaita maganarsu ba. Na kusa da ƙarshe gajere ne, shi ya fi tsaya mata: "Mun san lakwal ɗin da take koyarwa."

Aka kaɗa ƙararrawa ta koma aji. Ta rubuta kwanan wata a allo, yara suka ce Madam ba yau ba ne, ta goge ta sake, ta sake yin kuskure. Ta sa salular a aljihun tebur, ta fito da ita, ta mayar. Kafin a tashi, sharhi ya haura ɗari biyu.

A hanyar gida mai kabu-kabun da ya ɗauke ta ya dube ta ta madubi sau biyu, ta ce a ranta wannan yana cikinsu. Mai tumatir ya yi mata gaisuwar da ta ga kamar ta yi gajarta. Ta isa gida ta ɗora tukunya ta manta gishiri. Ta rubuta amsa ta goge, ta rubuta wata mai zafi ta goge, ta zauna, ta miƙe, ta share tsakar gidan da ta riga ta share da safe. Da la'asar ta yi wa Safiyanu bokal, wato saƙon murya, tana ƙoƙarin sa wa muryarta wasa: "Kan Tulu, ka ga abin da ka jawo min? Mutanenka za su cinye ni ɗanya."

Ya maido nan take, ana jin hayaniyar direbobi a bayansa, yana ƙyaƙyata dariya: "Baiwa ta ji tsoro! Bari su cinye ki, ni ƙashin nika so, in yi maɓallin riga." Bai tsaya nan ba. Ya koma shafin ya ƙara wani sharhi, ya ce baiwar ta kira shi tana kuka tana neman ceto. Shi a ganinsa ya yi abin da ya saba, ya miƙa mata igiya. Bai karanta sauran sharhin da idon wadda ake nufi ba. Mutum sittin suka danna masa alamar yabo.

A nan ne ran Nasiba ya ɓaci da gaske, irin ɓacin da ba ta taɓa yi da shi ba. Ba zaginsa ya ƙona ta ba. Ganin sunansa a sahun waɗancan, suna tafa masa, shi ne ya ƙona ta.

Washegari ta nuna wa Samira, abokiyar aikinta mai ajin kusa da nata. Samira ta taɓa zuwa formasiyo, wato taron horo, a Doso kan yadda ake mu'amala a intanet, kuma tun daga lokacin take jiran ranar da ilimin zai yi amfani. Ta gyara zama ta ce, "Kada ki zagi kowa, kada ki buloke kowa. Ki yi godiya, ki yi bayani, ki nemi a mutunta ki. Kuma ki hwara da wanga da ya hwara, ki kira sunanshi. In kin tsallake shi za a ce tsoronshi kike ji. Wai shi wane ne ma?"

Da Nasiba ta ce taubashina ne, da Samira ta riƙe mata hannu, don ita ma ƴar ƙasa ce, tana da nata taubasan. Nasiba ta san haka sarai. Ta dubi allo ta ce, "Wani direba ne."

Suka zauna a kan bencin yara suka tsara amsar, Samira na gyara kalmomi. Ga abin da ya fita:

"Zuwa ga Malam Safiyanu Kabo da duk waɗanda suka yi sharhi, assalamu alaikum. Na gode da kuka karanta. Ban yi murna da wahalar kowa ba, ni ma ina da ƴan'uwa da rufe gada ya shafa, kuma ina ba da haƙuri ga wanda jimlata ta sosa wa rai. Malam Safiyanu, ina girmama ka, ina roƙon ka girmama ni. Ni ba baiwar kowa ba ce. Sunana Nasiba Ado."

Ta danna ta tura. Yatsanta ya ɗan tsaya a kan kalmar Malam kafin ta danna, amma ya ɗan tsaya ne kawai.

Abin ya yi aiki fiye da yadda Samira ta yi alkawari. Kafin azahar iska ta juya. Aka shiga yabo: ga mace mai tarbiyya, ga yadda ake amsa jahilai, Allah ya yi wa iyayenki albarka. Wasu daga cikin masu zagin suka janye maganarsu, har da mai cewa ya san lakwal ɗinta. Aka yi ta yaɗa amsar a wasap. Direktan lakwal ya kira ta ofis ya ce ta fitar da su kunya. Wani ma'aikacin gidan rediyo ya bugo ya ce suna son ta zo ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya, ta yi wa matasa magana kan ladabi a intanet. Nasiba ta ce to. Ta ci abinci da gishiri daidai a ranar, sai dai duk bayan ƴan mintoci tana duba salula, kuma ba yabon take nema ba.

Sai ranar Alhamis da safe ya amsa. Ya goge sharhinsa biyu, ya bar wannan:

"Madam Nasiba Ado, ki gahwarce ni. Na yi kuskure, ba ni ƙarawa. Allah ya ƙara girma."

Mutane suka yaba masa shi ma, suka ce namiji ke nan, ya amsa laifinsa. Nasiba ta karanta a tsaye ƙarƙashin dogon yaro. Shekara talatin da huɗu, yau ne ya fara rubuta sunanta. Ashe ya ma san yadda ake rubuta shi.

Ta buga masa. Salular ta yi ta ƙara har ta kusa tsinkewa kafin ya ɗauka.

"Salamu alaikum, Madam. Ina kwana? Ya aiki?"

"Safiyanu, mi ne ne haka?"

"Lahiya lau. Ya yara ƴan lakwal?"

"Don Allah ka bari. Raina ne ya ɓaci. Ka yi haƙuri."

"Ba komi wallahi, Madam. Ni ke da laihi. A gaida gida."

Ya jira ta kashe, kamar yadda ake yi wa manya. Ta sake bugawa da rana, ta sake ba da haƙuri, ya sake yi mata godiya. Ta yi masa dogon bokal tana bayani, ya maido da "Na gode ƙwarai." Duk haƙurin da ta ba shi sai ta ji ya ƙara matsawa baya taku ɗaya, ita kuma ta rasa dalili, ko kuma ta ƙi ta sani.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta tafi gidan Inna Ajuma. A nan Zuwera matar Safiyanu take zaune da yaranta tun da aka rufe gada. Da can in Nasiba ta shigo, Zuwera kan ce ga baiwar mijina ta zo, a ba ta tsintsiya. Yau sai ta tashi da sauri ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta kawo ruwa a kwano da murfi, ta durƙusa ta gaishe ta. Nasiba ta tsaya tana kallon tabarmar, ta kasa zama a kai.

Inna Ajuma na bakin ƙofar ɗakinta tana tsinke zogale. Ba ta karatu, amma Zuwera ta karanta mata komai, har sau biyu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mi ya yi miki?"

"Inna, wallahi ban zage shi ba."

"Ai shi nika tambaya. Mi ya yi miki da ba ki zage shi ba?"

Nasiba ta fara bayani: mutane ɗari biyu, barazana, shi kuma yana dariya. Tsohuwar ta bari ta gama, sannan ta ajiye tiren zogalen.

"Ya yi wauta, na ji. Kansa babba ne, ba cika ya yi ba. To ki ce mai jaki mana. Ki ce mai ɓarawo, ki ce mai abin da kika ga dama, ki kira shi ki wanke shi tas. Amma Malam? Ɗan Kabo ne Malam? Gaban duniya kika tashi kika ce ba ki san shi ba."

"Ban ce ban san shi ba."

"Wa ake ce ma na gode, ina girmama ka? Baƙo."

Zuwera, da ke tsaye jikin turmi, ta yi magana ba ta dubi kowa ba. Ta ce duk rubutun da Nasiba ta saka, Safiyanu kan tara direbobi a inuwar kamyo ya karanta musu da ƙarfi, ya ce baiwata ce ta rubuta, ni na koya mata. Har na shinkafar ya karanta musu, ya yi musu gardama ya ce gaskiya ta faɗa. Da amsar Nasiba ta fito, wani daga cikinsu ya miƙo masa salula ya ce, ashe matar ba ta ma san ka ba, kake cika mu da baki. "Tun rannan bai ƙara zama cikinsu ba," in ji Zuwera. "Cikin mota yake wuni, da zahin ga."

Nasiba ta zauna a ƙasa, gefen tabarmar. Kunya ta kama ta, da tausayi, da haushin kanta, duk a lokaci guda. Ta ce, "Na ba shi haƙuri ya fi sau biyar."

"Haƙurin ma ai ladabi ne," in ji Inna. "Ƙara mai kike yi. Gaban mutane kika hidda shi daga dangi, gaban mutane za ki maida shi. Kin san yadda ake yi, ba yau aka haihe ki ba." Ta ja tirenta ta ci gaba da tsinke zogale.

Asabar da safe Nasiba ta yi wanka, ta fito da atamfar da za ta sa zuwa gidan rediyo, ta shimfiɗa a kan gado. Ta ɗauki salula ta zauna bakin ƙofa. Ta ajiye, ta je ta duba tukunya, ta dawo. Ta san abin da zai biyo baya. Mutanen da suka kwana huɗu suna kiranta mai tarbiyya ba za su tsaya tambaya ba, hoton rubutun za su ɗauka su yaɗa. Ta fara da bayani: "Jama'a, Safiyanu taubashina ne, a al'adarmu..." Ta karanta ta ji muryar Madam a gaban allo. Wasan da aka yi wa bayani ya riga ya mutu, kuma shi ba darasi yake jira ba. Ta goge.

Ta sake farawa. Ta rubuta, "Direban da motarsa ta yi saiwa a Malanbil," ta tsaya. Wannan gaskiya ce, kuma tana ciwo. Taubashi ba ya taɓa inda ke ciwo da gaske, abin da ya raba shi da maƙiyi ke nan. Ta goge wannan ma. Sannan hannunta ya saki, ta rubuta ba tsayawa:

"Sanarwa ga Kan Tulu, wanda ake kira Safiyanu Kabo. Na janye Malam ɗin da na ba ka aro, bai yi maka daidai ba, ya matse ka kamar yadda kowace hula ke matse ka. Jama'a, wannan da kuke gani ranar sunansa raguna biyu aka yanka, ɗaya nasa, ɗaya na kansa. In zai shiga kamyo sai an cire ƙofa. Ɓarawon ƙanzon Inna ne tun yana shekara huɗu, har yau ba a ga tukunyar ba. Bawana ne, na gada wurin uwata, na ba mutanen Benin aro su ga ikon Allah. In sun gaji da ciyar da shi su maido min abina, akwai shara tana jira."

Ta tura kafin ta sake karantawa. Ta lura bakinta a buɗe yake, murmushi take yi ita kaɗai.

Ƙarfe goma saura, ma'aikacin rediyon ya bugo. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce an sami canjin shiri, za su neme ta wani lokaci. Ta ce ba komai, ta ninke atamfar ta mayar akwati. Samira ta bugo tana cewa an sace miki shafi ne ko kuwa? Da ta ji amsa ta ce, "Taubashinki ne? Kika bar ni na sa ki ce mai Malam? Nasiba, Allah ya shirye ki," ta kashe.

Sharhi ya fara zuba. Wasu tsiraru sun gane, suka yi dariya suka ce a bar taubasai su ci kasuwarsu. Mafi yawa ba su tsaya ganewa ba. Ashe munafuka ce. Ashe ladabin na ƙarya ne. Wannan ce ke koyar da ɗiyanmu? Waɗanda suka janye zaginsu suka dawo da shi har da ƙari. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba don ta ji abin da suka ce ba, suna ɗaya take nema. Babu shi.

Lahadi ma babu. Ta wanke kayan da ba su yi datti ba. Ta fara gyaran takardun yara ta bar su a buɗe. Da la'asar ta kasa zama, ta hau kabu-kabu zuwa bakin ruwa, inda jirage ke lodin mutane da buhuna zuwa haye. Ta tsaya cikin turmutsutsun tana kallon ɗaya gaɓar. Salularta ta yi tsalle ta kama rezon Benin, ta koma na gida, ta sake komawa. Ta sabunta shafin ya fi sau ashirin. Sai yanzu tunanin ya zo mata cewa watakila ta makara, watakila ta zubar da mutuncinta a banza, shi kuma zai ci gaba da ce mata Madam har su tsufa, ya zo ta'aziyya ya durƙusa ya gaishe ta. Wannan tunanin ya fi duk sharhin tsorata ta. Ta koma gida ba ta sayi kifin da ta ce za ta saya ba.

Litinin direkta ya wuce ta a baranda ya amsa gaisuwarta da ka kawai. Ta koyar da lissafi, ta rubuta kwanan wata daidai. Da aka kaɗa hutun ƙarfe goma ta ce ba za ta duba ba, ta kai bakin ƙofar aji ta dawo ta ɗauki salular.

Sababbin sharhi tamanin da uku. Ta gangara, ta wuce mai kiranta munafuka, ta wuce mai cewa a kore ta daga aiki, ta wuce wani mai dogon wa'azi. Can kusa da ƙarshe ta gan shi.

"An gaya min baiwa ta dawo hankalinta. Na so in sayar da ke, ba a samu mai saye ba. Maganar tukunyar Inna kuwa, ke kika riƙe min murhi. Ki aiko min da tiya biyu na shinkafar taki mai tsakuwa in gwada haƙorana, na gaji da ta buhu."

Ta jingina da dogon yaron ta karanta sau uku. Hawaye suka zubo mata, ta bar su. Wata malama da ke wucewa ta ce, "Madam, har yanzu zagin naki suke?" Nasiba ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "E, alhamdu lillahi."

Ta amsa masa da kalma huɗu: "Ka ci ka shaƙe." Sauran tamanin da biyun ba ta ce musu komai ba.

Da aka tashi ta wuce kasuwa wurin matan Tunuga, ta auno tiya biyu ta mafi kyau. A gida ta baje ta a faifai ta zauna a inuwa. Ta sheƙe, ta bushe, ta bi ta ƙwaya ƙwaya tana tsince tsakuwa, don mutumin da ya yi watanni yana cin abincin tasha bai kamata ya karya haƙori a kan shinkafar gida ba. Sai da la'asar ta yi sanyi ta gama, wuyanta ya ƙage. Ta juye a ƙaramin buhu, wanda za ta ba masu jirgi da safe su haye da shi.

Har ta kama bakin buhun za ta ɗaure, ta tsaya. Ta fita ƙofar gida ta duba ƙasa, ta zaɓi tsakuwa guda, ƙatuwa, wadda ko makaho ba zai tauna ba. Ta wanke ta, ta goge da zane, ta ɗora a saman shinkafar, sannan ta ɗaure.